Tuntuɓen Alƙalami a Takardar Tara

Takardar tara ita ce rubutacciyar sanarwar da jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, yake miƙa wa direban da ya karya dokar hanya. Da yake a tsaye ake cike ta, a bakin titi, cikin rana da ƙura, kamar yadda ake gani a hanyar Abuja zuwa Kaduna daga Madalla har mahaɗar Suleja, ba abin mamaki ba ne a rubuta Habu inda ake nufin Habibu, ko 7 ta fito kamar 1 a lambar mota. Abin tambaya shi ne ko irin wannan kuskure yana rushe tarar, kuma idan ya rushe ta a gaban alƙali, ko yana sauke ta daga wuyan wanda ya san ya yi laifin.

Dokar ƙasa ta daɗe da raba kurakurai gida biyu. Sashe na 206 na tsohon kundin tsarin shari'ar laifuka na Arewa na 1960 ya tanadi cewa ba a ɗaukar kuskure a rubutun tuhuma da muhimmanci sai idan ya ɓatar da wanda ake tuhuma har aka tauye masa adalci, yayin da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi haƙƙin a bayyana masa laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji. Harafi ɗaya a suna ba ya ɓatar da kowa. Amma rubuta wani laifi dabam, ko ranar da motar take Minna ba a wurin da aka ce an yi laifin ba, yana iya hana mutum kare kansa.

Malaman fiƙihu sun isa wurin nan ta wata hanya mai ban sha'awa. A Majalla, wato kundin dokokin ma'amala da Daular Usmaniyya ta kammala a 1876, doka ta 65 ta nuna cewa sifanta abin da yake a gaban ido ba ya da tasiri, amma sifanta abin da ba ya nan abin lura ne, ta yadda wanda ya nuna doki a gabansa ya sayar, ya kuskure launinsa a baki, cinikinsa ya ƙullu. Direban da aka tsayar, aka karɓi lasisinsa, ya amshi takarda hannu da hannu, yana cikin rukunin farko. Motar da aka hango ta wuce aka rubuta lambarta daga nesa kuwa tana cikin na biyu, domin babu abin da ke nuna ta sai rubutun, kuma idan rubutun ya karkace da'awar ta rasa wanda za ta hau.

Ɓangaren da ya fi nauyi shi ne na tsakanin bawa da Ubangijinsa. Hadisin Ummu Salama, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya gargaɗi wanda ya ci shari'a da iya zance alhali haƙƙin ba nasa ba ne, kuma a kansa Malikawa suka gina cewa hukuncin alƙali ba ya halatta haram a baɗini, wato a haƙiƙanin da mutum ya sani a ransa. Duk da haka, akwai sassauci: malamai sun yi saɓani a kan ta'aziri da dukiya, wato horon da hukuma ke yi ta hanyar karɓar kuɗi, kuma tarar da kotu ta soke ba bashin wani mutum ba ce da za a bi ranar gobe. Direban da ya nuna kuskuren ba tare da ya yi ƙarya ba bai ci haƙƙin kowa ba, ko da yake laifin tuƙin da ya yi a tsakiyar jama'a yana nan a kansa. Wanda ya rantse cewa ba shi ba ne, ko ya yi shiru alhali ya ga lambar da aka rubuta ta motar wani ce mai lamba kusan irin tasa, ya jawo wa marar laifi tara, kuma wannan zalunci ne da soke takarda ba ya kankarewa sai an nemi yafewar wanda aka cuta.