Ko Gajiyar Mai Jinya Zunubi Ce?

A watan Maris na shekara ta 2023 aka yi wa uwargidana aiki a gadon baya. Kafin nan ta yi shekara biyu tana fama da ciwon da ke tasowa daga ƙugu, ya gangara ta cinya har yatsun ƙafar hagu. Likita ya bayyana mana cewa ƙashin bayan mutum 'yan ƙasusuwa ne 33 a jere, biyar daga cikinsu suna wajen ƙugu, su ne kuwa su ke ɗauke da yawancin nauyin jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai guringuntsi mai kama da gammo. Gammon nata ne ya fashe, ya danne jijiyar da ke zuwa ƙafa.

Mun zaci kwana biyar za mu yi a asibiti. Amma wajen aikin tantanin da ya lulluɓe jijiyoyin ya ɗan yage, ruwan da ke cikinsa ya riƙa zuba. Da zarar ta tashi zaune sai kanta ya yi kamar zai tsage, in ta kwanta ya lafa. Aka ce ta kwanta a miƙe, ba matashi. Wannan bai gama wucewa ba sai mikin ya yi ruwa, zazzaɓi ya tashi, aka komar da ita ɗakin tiyata aka wanke wurin. Muka koma gida da maganin mako shida, da dokar kada ta sunkuya, kada ta murɗa jiki, kada ta ɗauki ko da bokitin ruwa. Ƙafar kuwa ba ta iya ɗaga kanta, sai ja.

Ya ku 'yan'uwa, ba domin ku ji tausayinmu na ke rubuta wannan ba. Ina da abin da zan furta ne. A farkon komawarmu gida ba ta iya juyawa ita kaɗai, an kuwa gargaɗe ni in riƙa juya ta kowane sa'a biyu domin kada kwanciya ta ci mata fata. Wani dare cikin mako na uku, wajen ƙarfe uku, ta kira ni a hankali, ta ce, "Malam, ka taimake ni." Na ji ta sarai. Na rufe ido na yi kamar ina barci. A zuciyata na ce, yaushe wannan abu zai ƙare? Ni ne kuwa na ɗaura wa mutane da yawa aure, na sa su yi alkawari a gaban Ubangiji cewa ciwo ba zai raba su ba.

Da gari ya waye na ɗauki kaina mai karya alkawari. Na daɗe ina bincike a kan wannan, har na ga abu biyu ne na gama wuri ɗaya, watau gajiya da ƙarya. Gajiya ta jiki ce. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana ba cewa Ubangijinmu Yesu kansa ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiya a ƙasar Samariya. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da barci aka fara ba shi, ba tsawa ba. Mutumin da ya yi mako uku ba barcin kirki, dole zuciyarsa ta kawo masa tunanin da bai gayyata ba. Ba na tsammani wannan zunubi ne. Alkawarin aure ma bai ce kullum za mu ji daɗin hidima ba, gama ba mai ikon yin alkawari a kan abin da zai ji gobe. Abin da ke hannunmu shi ne abin da za mu yi.

To, a nan ne ba ni da mafaka. Tashi yana cikin ikona a daren nan, na ƙi. Har na rufe ƙin da barcin ƙarya, na bar mace marar ƙarfi cikin zafi. Wannan laifi ne, gajiya kuwa ba ta wanke shi.

Wani zai ce, ai Fasto, iyakar ƙarfin mutum ke nan. Gaskiya ne, amma wa ya kai ni iyakar? Matan Zumunta sun zo tun ran da muka dawo, suka ce za su riƙa karɓar kwana bi da bi. Na ce musu kada su damu, Allah yana ba ni ƙarfi. Na fi so ekklesiya ta ga fastonta yana shara yana wanki, a yi ta ba da labarinsa. Ashe girmankai na iya sa rigar hidima. Laifin daren nan tun da rana aka shuka shi, lokacin da na mai da masu taimako. Ina jin tsoro da yawa cikinmu masu wa'azi haka mu ke: mun iya ba da taimako, ba mu iya karɓa ba. Wasu mazan kuma nasu girmankan dabam ne, su kan aika da matar gidan iyayenta sai ta warke, kamar tukunyar da aka kai gyara. Na taɓa tsauta wa irinsu daga kan bagadi, yanzu kuwa muryata ta ragu.

Bayan kwana biyu na roƙi gafararta. Ta ce, "Ai na sani idonka biyu, Malam. Mai barci ba ya riƙe numfashi." Ta ce ita ma ta sha riƙe fitsari har safiya domin kada ta tashe ni, tana ganin kanta kaya ne a wuyana. Ashe kowannenmu yana ɓoye wa ɗan'uwansa, muna kiran abin haƙuri. Ran Lahadi na tsaya na faɗa wa jama'a cewa na gaji, ina bukatarsu. Mata huɗu suka raba kwanakin mako a tsakaninsu, dattawa suka karɓi wa'azi na wata guda.

Likita ya ce jijiyar da ta lalace, in za ta sake tsirowa, kamar milimita ɗaya ta kan yi a rana, wani lokaci kuma ba ta komawa yadda ta ke. Ciwon cinyar ya tafi. Ƙafar har yanzu tana ɗan ja, da sanda ta ke zuwa sujada, ni ne kuma mai ɗebo ruwa a gidanmu.