BASHI A GABAN ALƘALI DA BASHI A GABAN ALLAH



Kowace shekara idan kaka ta yi, aka fara sussukar gero a ƙasar Tambuwal, aka shiga yankan shinkafa a fadamun Kebbe, masu bin bashi su ma sukan fito da buhunansu suna bin gida-gida. A wannan lokaci ne ake yawan kawo mana wata tambaya bayan Misa, galibi da murya ƙasa-ƙasa: “Fada, na ci bashi, na dangwala yatsa a takarda. Yanzu lauya ya duba ya ce takardar ba ta da ƙarfi a kotu. In na ƙi biya, na yi zunubi?”

Tambayar tana da nauyi, gama a bayanta akwai gonar gado, da abincin yara, da mutuncin mai gida. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka maganar ta shafe mu duka. Bari mu fara duba abin da dokar ƙasa ta ce, sa'an nan mu saurari Maganar Allah.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Gaskiya ne akwai yarjejeniyar bashi da kotu ba za ta tilasta a cika ba. Wata sananniyar shari'a ta taso daga Legas, ana kiranta shari'ar Kasumu da Baba-Egbe. Baba-Egbe ya jinginar da filinsa ga wani mai sana'ar ba da bashi da ruwa. Mai ba da bashin yana da lasisi, amma bai rubuta cinikin a littafin da doka ta wajabta masa ajiyewa ba. Magana ta kai har Landan, gaban majalisar shari'a ta Sarauniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe ga Najeriya. A 1956 aka yanke cewa a mayar wa Baba-Egbe filinsa, ba tare da an ɗora masa sharaɗin biyan kuɗin ba.

A 1989 kuma Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yi hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. An jinginar wa bankin ƙasa, da aka kasa biya sai bankin ya tashi sayarwa. Mai ƙasar ya kai ƙara cewa ba a sami amincewar Gwamna ba, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bukata. Kotu ta yarda, ta rushe jinginar. Amma a shari'o'in da suka biyo baya alƙalai suka fara jan birki. Suka ce neman amincewar Gwamna nauyi ne a kan mai ƙasar, don haka bai dace mutum ya karɓi kuɗi, ya bar abin da ya wajaba a kansa, sa'an nan ya mai da sakacinsa garkuwa ba.

Akwai kuma wata tsohuwar doka da ke kāre waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba. Wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, tilas ya sa sunansa da inda yake zaune a kanta, alamar cewa an karanta wa mutumin ita an kuma fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Wannan ta shafi manomanmu da yawa.

To, mu lura da abu guda. A shari'ar Baba-Egbe alƙalai ba su ce bai karɓi kuɗi ba. Abin da doka ta yi shi ne ta rufe wa mai bin bashin ƙofar kotu, domin ta hori masu wannan sana'a su bi ƙa'ida. A shari'ar Ajilo ma jingina aka rushe, ba a ce kuɗin bankin bai fita ba. Alƙali yana auna takarda da shaidu, iyakarsa ke nan. Abin da ya shiga hannun mutum, da abin da ya ɗauka a zuciyarsa ranar da ya karɓa, wannan lamirinsa ne ya sani, da Allah.

Abin da Maganar Allah ta koya mana

Littafi Mai Tsarki bai taɓa goyon bayan mai matse matalauci ba. Dokar Musa ta hana karɓar ruwa daga ɗan'uwa matalauci, ta kuma umarci wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai rufa da dare (Fitowa 22:25-27). Ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama da shi iyali ke ci (Maimaitawar Shari'a 24:6). Da talakawan Yahuda suka kai kuka cewa sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa da haraji, har ana bautar da 'ya'yansu, Nehemiya ya tara manyan gari, ya tsawata musu a bainar jama'a, ya sa suka yi rantsuwa za su mayar da gonakin (Nehemiya 5). Ashe ke nan kai kukan bashin zalunci gaban hukuma ba laifi ba ne.

Amma Littafin nan ɗaya ya lasafta mai cin bashi ya ƙi biya cikin mugaye (Zabura 37:21). Labarin da ya haɗa waɗannan gaskiya biyu wuri guda shi ne na gwauruwar da ta zo wurin annabi Elisha (2 Sarakuna 4:1-7). Mijinta ya rasu da bashi a kansa, mai bin bashin kuwa yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ba ta da komai sai ɗan mai a tulu. Annabin ya sa ta aro tuluna wurin maƙwabta, Allah ya yi ta ƙara man har duk suka cika. Sa'an nan Elisha ya umarce ta ta sayar da man, ta fara biyan bashin, ita da 'ya'yanta su rayu da sauran. Allah wanda ya iya cika tuluna da mai, da ya ga dama da ya shafe bashin a nan take. Sai ya zaɓi ya ceci yaran daga bauta, ya kuma ba uwarsu abin biya. Zaluncin ya tsayar, hakkin mai kuɗi kuwa ya sa aka sauke.

Koyarwar Ikilisiya ke nan. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, a bayaninsa kan doka ta bakwai ya koyar cewa wajibi ne a cika alkawari da yarjejeniya muddin abin da aka ƙulla na adalci ne, a biya bashi, a kuma mayar da abin da aka riƙe ba bisa hakki ba. Ikilisiyar nan kuma ita ce ta yi ta la'antar cin riba ta hanyar ƙuntata wa mabukaci, tun daga majalisun Lateran na 1139 da 1179 har zuwa wasiƙar Paparoma Benedict na 14 a 1745.

Yadda za mu rarrabe

Bari mu ɗauki misalin da kowa ya sani, wato bashin ba-da-kaka. A ce manomi ya karɓi kuɗi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, bisa sharaɗin zai biya da buhunan shinkafa idan an yi girbi. Aka ƙayyade masa farashin buhu ƙasa da rabin abin da zai yi a kasuwa. Ambaliya ta cinye gonar, aka ninka masa buhunan zuwa baɗi, baɗi ma aka sake ninkawa, har aka ce ya bar gonar. A cikin wannan bashi akwai kashi biyu. Akwai uwar kuɗin da ya karɓa ya ci, da ribar da hankali zai ɗauka. Akwai kuma abin da aka jibga a kai don an ga ba shi da mafita. Kashi na biyu yana da iko ya ƙalubalanta a gaban dattawa, ko hakimi, ko kotu, ba kuwa tare da wani zunubi ba. Kashi na fari kuwa yana wuyansa, ko da dukan lauyoyin Sakkwato sun ce takardar banza ce.

Saboda haka kafin Kirista ya shigar da ƙara, ko ya kāre kansa da kuskuren takarda, sai ya tambayi kansa abu uku. Na karɓi kuɗin nan ko kayan nan? Ranar da na karɓa, na fahimci sharuɗɗan, ko an yaudare ni, ko an tilasta mini? Abin da nake nema yanzu, a cire mini zalunci ne, ko in tsere da dukiyar wani? Wanda aka sa ya dangwala yatsa a kan adadin da ba shi aka faɗa masa ba, doka da Allah suna tare da shi. Wanda kuwa ya san abin da ya ƙulla sarai, ya je gaban alƙali ya rantse bai sani ba, ya karya doka ta bakwai, ya ƙara da ta takwas wadda ta hana shaidar zur.

Haka yake ga bashin gwamnati. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance a Birnin Kebbi, nan kusa da mu. Aka raba iri da taki da maganin feshi da injinan ban ruwa, a biya da shinkafa bayan girbi. A faɗin ƙasa an fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa kuwa bai dawo ba. Waɗansu suna da uzuri na gaskiya: ambaliyar 2020 ta shafe gonaki masu yawa a wannan yanki, waɗansu kuma 'yan bindiga suka raba su da gonakinsu. Irin waɗannan ya kamata su nemi sassauci a fili. Amma akwai waɗanda suka girbe lafiya suka ce ai rabonsu ne na arzikin ƙasa. Kuɗin gwamnati na jama'a ne, wanda ya riƙe shi kuwa ya toshe wa manomin da ke bayansa ƙofa.

Rashin iya biya dabam, ƙin biya dabam. Wanda ya rasa yadda zai yi bai yi zunubi ba, muddin bai ɓuya ba, ya je ya faɗi halin da yake ciki, ya kuma ƙudura biya idan Allah ya buɗa masa.

Ga masu ba da bashi

Akwai masu ba da bashi a cikinmu, a kasuwa, a ofis, har a adashin zumuntar mata. Ku ma takarda ba za ta wanke ku ba. Tana iya cika kowace ƙa'ida, da hatimi da shaidu, ta zama abin ƙyama a gaban Allah idan an rubuta ta bisa yunwar wani. Ubangijinmu ya ba da misalin baran da sarki ya yafe wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, shi kuwa ya fita ya shaƙe abokin aikinsa a kan 'yan kuɗi kaɗan har ya sa aka ɗaure shi (Matiyu 18:23-35). Bisa doka yana da iko ya yi haka, duk da haka sarki ya hukunta shi.

Yafe bashi aikin jinƙai ne, kuma Ikilisiya tana roƙonsa. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya roƙa wa ƙasashe matalauta a Jubili ta 2000, a 2005 kuwa ƙasashe masu bin Najeriya bashi suka yafe mata kimanin dala biliyan 18. Paparoma Francis ya maimaita wannan kira domin Jubili ta 2025. Amma mu lura, yafewa a hannun mai kuɗi take. Ana roƙonta, ba a ƙwatarta da dabara.

Abin da za mu yi

Kada mu sa hannu a takardar da ba a karanta mana ita da harshen da muke ji ba. Mu rubuta kowane bashi, ko tsakanin wa da ƙane ne, da shaidu biyu. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wannan umarni a aya mafi tsawo ta Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kuma da yawansu suna ba mu rance ba tare da ruwa ba. Mu a Tambuwal da Kebbe ba mu da yawa, kowa ya san gidan Kirista. Idan ɗayanmu ya cinye kuɗin maƙwabcinsa ya fake da lauya, ba sunansa kaɗai ya ɓata ba, sunan Kristi ya jawo wa zargi.

Idan rigima ta tashi, mu fara da sulhu. Manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa saboda gaggawar kai juna ƙara (1 Korintiyawa 6:1-8). A kira katikis da dattawan Ikilisiya, a zauna da mai bin bashi, a ware uwar kuɗi daga abin da aka jibga, a tsara biya kaɗan-kaɗan. Idan sulhu ya gagara kuma zalunci ya tabbata, a nemi shawarar Hukumar Adalci da Zaman Lafiya ta dayosis, a je kotu da gaskiya a baki. Wanda kuwa ya riga ya ci nasara a kotu alhali ya san kuɗin mutane na wuyansa, ƙofa a buɗe take. Ya zo ya furta zunubinsa, ya bi sawun Zakka wanda ya tashi ya mayar wa waɗanda ya cuta (Luka 19:1-10), ko da mudu-mudu zai biya.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka yafe mana bashin da ba mu da ikon biya ta wurin Ɗanka Yesu Kristi, ka ba masu cin bashi a cikinmu gaskiya da abin biya, ka ba masu bin bashi zuciyar tausayi, ka ba alƙalanmu hikima, ka kuma sa albarka a gonakin Tambuwal da Kebbe. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.