Tsakanin ƙi da kasawa

Tambayar da ta fi damun iyayen yaro mai galahanga, wato lalurar da ke shafar cuɗanya da magana da yadda ake jin sauti ko taɓi, ita ce laifin wane ne, kuma sau da yawa likitan iyali, wanda shi ne farkon mai ganinsu kafin a tura su wurin ƙwararru, shi ake kawo wa wannan tambaya. Haka abin yake ga yaro mai ADHD, lalurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, wanda ake yi wa kallon marar jin magana, a zargi uwarsa da sakaci, ko a ce sammu ne ko shafar aljanu.

Su kansu masana ba su tsira daga yin irin wannan zargi ba. Bayan Leo Kanner ya bayyana galahanga a Amurka a 1943, ra'ayin da ke cewa rashin shaƙuwar uwa da ɗanta ne ke jawo ta ya yaɗu, Bruno Bettelheim ya ƙarfafa shi a littafinsa na 1967, iyaye mata kuwa suka ɗauki nauyin zunubin da ba su aikata ba, har sai da binciken tagwaye ya nuna cewa gado yana da babban kaso a cikin lamarin.

Game da ɗora wa yaron laifi kuwa, malaman usulul fiƙihu sun daɗe da gina taklifi, wato ɗora wa mutum nauyin hukunci, a kan hankali da iyawa, sun kuma yi bayanin abubuwan da ke rage cancantar ɗaukarsa mataki-mataki. Wannan ya dace da matsayar likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, waɗanda tun 2013 suka haɗa nau'o'in galahanga a lalura guda mai hawa-hawa, domin akwai wanda ba ya magana sam, akwai kuma mai cikakken hankali da hazaƙa wanda hayaniyar taro kaɗai ke galabaitar da shi, kuma zalunci ne a kira ɗayansu mahaukaci.

Saboda haka aikin likitan iyali ya wuce rubuta takardar turawa asibiti. Wajibi ne ya zauna da iyaye, da malamin makaranta idan hali ya yi, su tantance abin da yaron ya ƙi yi da gangan da abin da ya kasa, domin bulalar da ta sauka a kan kasawa ba tarbiyya ba ce, kuma uwar da aka wanke daga zargi ta fi samun ƙarfin dawowa da ɗanta a ci gaba da duba shi.