Ɗan Wasan da Ya Tafi, Ya Ci Amana?

Mu da muke kallon ƙwallo a Rikoto, ba ma shakkar kiran ɗan wasa maci amana idan ya bar ƙungiyarmu saboda kuɗi. Amma wace amana ce muka ba shi, kuma yaushe wa'adinta ke cika?

A kakar 2009/2010 Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya, Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Kafin shekarar ta fita ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Shi kuwa Rabiu Ali ya zauna, aka ɗauki kofin gasar da shi a 2012, 2013 da 2014, yana kuma nan a 2022 lokacin da ƙungiyar ta faɗa gasa ta ƙasa. Bisa ma'auninmu, ɗaya mai riƙon amana ne, ɗayan maci amana.

Mutanen ƙasar Zuru ya kamata mu fi kowa zargin wannan ma'auni, domin mun san golmo. Saurayi kan yi shekaru yana noma a gonar surukinsa. Idan wa'adi ya cika ya ɗauki amaryarsa ya koma tasa gonar, babu mai cewa ya gudu. Abin da dattawa ke dubawa shi ne yadda ya riƙe fartanya lokacin da yake can. Ƙarfin ɗan ƙwallo ma wa'adi gare shi, karaya ɗaya na iya gama shi, ga iyaye da ƙanne suna jiran abin da ƙafarsa za ta kawo. Wanda ya yi gumi tsakaninsa da Allah har ranar tafiyarsa ya sauke nauyi. Maci amana shi ne wanda ke cikin fili da rigarmu alhali ya daina gudu.

Sai mu juyo da ma'aunin kanmu. A waccan kakar ta 2022, tarzomar 'yan kallo a wasan Katsina United ta jawo aka zaftare wa Pillars maki uku. Waɗanda suka yi ɓarnar ba su taɓa sauya ƙungiya ba, amma sun cuce ta fiye da duk wanda aka sayar. Musa kuwa ya dawo ya sake sa rigar a 2021. Kafin mu tuhumi mai tafiya, mu fara tambayar abin da zamanmu ya tsinana wa ƙungiyar.