Darajar Tayil da Haƙƙin Mai Saye

A Ɗan Isa da sauran garuruwan ƙasar Ƙauran Namoda, har zuwa Shinkafi da Zurmi, inda a da mata kan taru su yi daɓe su shafe shi da makuba, yanzu mai hali in zai gina ɗaki ko ya gyara masallaci, sai ya aika Gusau ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo masa tayil, alhali galibin masu saye ba su san abin nan hawa-hawa ne ba, ko da fuskarsa ta zo ɗaya.

Mafificinsa shi ne na tangaran, wanda akan haɗa farar ƙasa irin ta Ƙanƙara da garin duwatsu, a matse, a gasa cikin wuta mai zafin digiri wajen 1,200, har ruwan da zai sha ya kasa wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa. Wanda bai kai wannan ba kuwa yakan tsotse ruwa, ƙarkonsa ya ragu. Bayan haka masana'anta kan tace kayanta, ta ware zaɓin farko daga na biyu, mai ɗan tabo ko lanƙwasa ko saɓanin launi.

To, mas'alar ita ce: shin sayar da na baya laifi ne? Ko kusa, domin Allah Maɗaukakin Sarki cikin hikimarsa ya bambanta arzikin bayinsa, kuma talaka da ya shimfiɗa na biyu bisa sani bai zalunci kowa ba, ba a kuma zalunce shi ba. Abin da shari'a ta hana shi ne algus. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, ta haramta ɓoye aibi da cakuɗa marar kyau cikin mai kyau, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya tarar da tsohon aibi a hajar da ya saya yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa. Ɗan kasuwar da ya ɗora zaɓin farko a saman kwali ya cusa na biyu a ƙasa, da birkilan da ya karɓi kuɗin tangaran ya manna wani abu dabam, duk sun ci amana, ko da mai gida bai taɓa ganewa ba.

Saboda haka, mai saye ya buɗe kwali, ya ɗiga ruwa a bayan tayil ya ga ko zai tsotse. Mai sayarwa kuma ya faɗi darajar kayansa tun ba a tambaye shi ba, domin ribar da aka samu ta hanyar ɓoye aibi haramun ce.