Amanar Jijiya: Nasiha Ga Masu Wankin Ƙoda Na Ƙasar Yauri

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa hanyoyin jini a jikin bawa tun bai san kansa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, mai wankin ƙoda yana da wata ƙofa a jikinsa wadda rayuwarsa ta rataya a kanta, da iznin Allah. Likita ne yake haɗa jijiyar da ke fito da jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, galibi a tsintsiyar hannu, har ta yi kauri ta iya ɗaukar allurar na'ura. Suna ce mata fistula, kada a ruɗe ta da ciwon yoyon fitsari. Likitoci Brescia da Cimino da abokan aikinsu ne suka bayyana wannan hikima a New York ta Amurka a 1966. Takan ɗauki mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye, kafin ta nuna.

Abin da ke damuna shi ne, wannan ƙofa tana ƙuntata a hankali ba tare da ciwo ba. Na ɗora yatsu a hannun wani dattijo masunci a Yelwa, na ji tana rawa kamar gefen jirgin ruwa idan an tayar da inji. Wannan rawar ita ce lafiyarta. Idan ta yi rauni, ko hannu ya kumbura, ko jini ya daɗe bai tsaya ba bayan cire allura, to hanya ta soma matsewa. A wannan mataki likita yakan zura siririn bututu mai balan-balan a ƙarshensa cikin jijiyar, ya hura shi a daidai wurin, jijiya ta buɗe. In aka yi sakaci jini ya daskare, sai a koma wankin ta robar da ake sakawa a jijiyar wuya ko ta matsematsi, masu jawo ƙwayoyin cuta, ta wuyan ma tana ƙuntata manyan jijiyoyin ƙirji.

Mutanenmu na bakin tafkin Kainji, daga Wara ta Ngaski har Shanga, da hannu suke ci: jan taru, tuƙin kwale-kwale, ɗaukar buhun albasa. Hannun da ke da fistula kuwa an ɗauke masa nauyi. Ba a kwanciya a kansa, ba a awon hawan jini ko ɗibar jini a jikinsa, ko agogo ba a matsa masa. 'Ya'ya su karɓi tarun, lada suke nema. Haka nan azumi: ƙishirwa kan saukar da ƙarfin jini ta sa ya daskare, Shari'a kuma ta yi wa majinyaci rangwame, sai ya shawarci likitansa kafin ya ɗauka.

Tafiya daga Yelwa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta sa'o'i ce, kuɗin mota ma nauyi ne. Duk da haka ina roƙonka, kowace Asuba bayan ka sallame, ka ɗora yatsu a wurin. Ranar da ka ji shiru, kada ka jira ranar wanki, ka kama hanya a wunin.