WA MUKE YI WA DARIYA?



Ni dai tun ina yarinya nake son wasan kwaikwayo. Mun taso muna kallon Samanja da Ƙarƙuzu a talabijin, a Kano kuma ga ƙungiyoyin dirama irin su Tumbin Giwa, waɗanda suka fito da Turmin Danya a 1990. Don haka ba ƙin wasa ne ya sa na ɗauki biro ba.

Wata rana samarin unguwarmu suka shirya gajerun wasannin barkwanci a filin makaranta. Na farko a kan maigida marowaci ne, mai ƙirga yankan nama kafin ya fita kasuwa. Muka yi dariya har da hawaye, wallahi na ga mazan da suka sunkuyar da kai. A na biyu, wani yaro ya ɗaura zane ya fito a juya, tana cusa tsumma a ciki don ta yaudari miji. Nan ma aka tuntsire, har da ni. Ina waiwayawa sai na ga maƙwabciyata ta ja mayafi ta fice. Shekararta tara a ɗakin miji, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sai da ta yi sati biyu ba ta leƙo gidana ba.

Tun ranar nake tambayar kaina, me ya raba dariyar farko da ta biyu? Kin ga, rowa hali ne, mai ita in ya ji kunya gobe sai ya daina. Haihuwa kuwa ta Allah ce. Wadda aka yi wa dariya a kan ta, me za ta je gida ta gyara?

Wata za ta ce ai wasa ne, ko a tashe ana tsokanar gwauro. Haka ne, amma ana tsokanarsa ne don ya tashi ya nemi aure, kuma yana iyawa. Ku duba aya ta 11 a Suratul Hujurat, da aka hana izgili sai da aka ambaci mata daban.

Yaran nan ba su da laifi kamar mu, abin da muka tafa wa shi za su sake kawowa. In sun kwaikwayi mugun hali mu dara, in sun taɓa ƙaddarar wani mu kame bakinmu.

Ni dai na je na ba maƙwabciyata haƙuri. Allah Ya yafe mana, amin.